Tarwaɗa ba ta mutu ba, amma kasuwa ta ƙi ta

Bayan ƙaramar Sallar 2024 na ajiye aiki a gonar kifin da na daɗe ina kula da ita a bayan garin Kano. Waɗanda muka yi aiki tare sun san yadda aka rabu. Waɗanda ba sa nan kuma sun ji labarin daga wani bakin, cewa wai kifi ya lalace a hannuna. Ba zan ambaci gonar ba, ba zan ambaci kowa ba, don mai gonar ya riƙe ni da mutunci shekaru kafin abin ya faru. Amma irin abin da aka yi a kwamayen nan ana yin sa a gonaki da yawa yanzu haka, kuma kusan kullum wanda ke tsaye a bakin ruwa shi ake ɗora wa jakar tsaba.

Duk mai kiwon tarwaɗa ya san abin da ake yabonta da shi, wato juriya. Allah ya yi mata wata halitta mai rassa a cikin kai, a saman gurbin numfashinta, wadda take shaƙar iskar sarari da ita kai tsaye. Shi ya sa za a zuba ta a yankakkiyar jarka da ɗan ruwa, a yi doguwar tafiya da ita a bayan mota, ta iso da ranta. Shi ya sa kuma ta mamaye kiwon kifi a ƙasar nan, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwonta. Karfasa ba ta da wannan baiwa. Idan iska ta yi ƙasa da asuba, kafin hantsi za ka ga fararen cikkuna sun taso, kowa ya san an yi ɓarna, a tashi a gyara. Tarwaɗa kuwa ba ta tona asirin mai gona. Za ta haƙura ta rayu a ruwan da ya kamata a zubar tun shekaranjiya, kuma wannan haƙurin nata shi ya cuce mu. Manajan da aka kawo mana tambayarsa ɗaya ce kullum: "Nawa suka mutu yau?" Ka ce babu, to magana ta ƙare, duk abin da za ka ƙara a kai ƙorafi ne.

Ɗan'uwan mai gonar ne, daga harkar sayar da kayan gini ya zo, kuma ya iya lissafi, wannan ba zan tauye masa ba. An kawo shi ne bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mu kuwa ruwanmu na rijiyar burtsatse ne, kuma rabin lokaci da janareta muke ɗaga shi. Masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabi, buhun abincin kifi ya bi su. A gonar tarwaɗa abinci kaɗai yana cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake kashewa, don haka matsin gaskiya ne, babu wanda ya ƙirƙire shi. Inda muka rabu da shi shi ne inda ya zaɓa ya yanke. Ya ce canjin ruwan da muke yi kullum ya koma sau biyu a mako. Ya ce a daina sakin ruwa da dare. Ya ce a ƙara yawan 'ya'yan kifin da ake zubawa a kowane kwami, tunda ga fili. Sannan ya ce da zarar kifi ya wuce wata biyu a janye abincin kamfani mai tasowa saman ruwa, a koma haɗin gida da hanjin kaji. Makullin janareta da na sito duka suka koma aljihunsa.

A kan iska muka fi yin sa-in-sa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce, amma abin da ruwa ke iya riƙewa ɗan mitsitsi ne, kuma yana raguwa yadda zafi ke ƙaruwa. Ruwa mai digiri 20, in ya ƙoshi, yana ɗauke da kimanin miligiram 9 a kowace lita. Ya kai digiri 30, bai wuce 7 da rabi ba. A daidai lokacin da ruwan ke rage abin da yake riƙewa, a lokacin jikin kifi ke ƙara nema, domin zafi yana hanzarta komai a jikinsa, har da narkar da abinci. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashi da ragowar abinci a ƙasan kwami su ma oksijin ɗin suke ci. Ga kuma gansakukar da ke mayar da ruwa kore, wadda da rana take zuba oksijin, da dare kuma ta juya tana zuƙar sa tare da kifin. Saboda haka babu lokacin da ya kai tsakanin ƙarfe uku na dare da fitowar rana muni. Ruwan burtsatse ma ba ya zuwa da iska, daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa kusan fayau, shi ya sa muke sa shi ya zubo daga sama ta bututu mai huji-huji, ya tarwatse kafin ya sauka. Wannan zubowar ta dare ita ce aka hana.

Manaja bayan azahar yake zuwa, lokacin da rana ta gama cika ruwa da iska, kifi na wasa. Ni kuwa a gonar nake kwana. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da farkon Afrilu, cikin tsakiyar bazara, ranakun da zafin Kano ke taɓa digiri 40, bangon siminti kuma ya kwana yana mayar wa ruwa zafin da ya sha. Idan na tashi sahur nakan ɗauki tocila in zagaya. Abin da nake gani shi ne kifaye sun jeru a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakinsu a shimfiɗe a kan ruwa, ba sa ko gudun hasken. Kumfa mai yauƙi ta taru a kusurwoyi, ba ta fashewa. Wari kuma tun kafin ka ƙaraso yake tarar ka. A kwalejin kifi ta New Bussa an koya mana a nemi miligiram 5 na oksijin a kowace lita ko sama da haka, in ya sauka ƙasa da 3 a san akwai matsala. Ɗan ma'aunin da nake da shi a waɗannan asubahin ba ya kai 2. Ina rubutawa a littafi, kwami bayan kwami, da kwanan wata.

Na kai masa littafin ba sau ɗaya ba. Na ce, "Yallaɓai, ko awa biyu ne a bar ni in saki ruwa kafin asuba." Ya ce, "Malam, ba kai ka ce mini wannan kifin yana shan iska a sama ba? To ya sha mana, ai ita kyauta ce." Abin da na gaya masa gaskiya ne, amma ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya bar sauran. Kifin da yake yini yana hawa da sauka don ya shaƙi iska ƙarfinsa yake ƙonawa, ƙarfin da ya kamata ya zama nama. Cin abincinsa yana raguwa, wanda ya ci ba ya narkewa yadda ya kamata, ga cunkoso ya sa suna faɗa, suna karce juna da ƙaya, raunin kuma ba ya warkewa a ƙazamin ruwa.

Ga amoniya a bayan wannan. Daga furotin ɗin da kifi ya ci, abin da ke zama nama bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Mafi yawan saura yana fita ne a matsayin amoniya, ta gurbin numfashi, kai tsaye cikin ruwan da yake zaune. Gubar amoniya kuma tana bin zafi da ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda ke ɗagawa idan tsamin ya ragu. In pH ya ɗaga daga 7 zuwa 8, ɓangarenta mai guba yana ninkuwa kusan sau goma, kuma koren ruwa da yamma pH ɗinsa ke ɗagawa. Wato kifinmu da asuba yana fama da rashin iska, da la'asar yana fama da guba. Ka ɗaga murfin kunnensa ka duba gurbin numfashin, maimakon ja jawur sai ka ga ya koɗe, ya yi kauri da yauƙi.

Maganar abinci kuma, ni ba na cikin masu raina haɗin gida. Na haɗa shi da hannuna a baya kuma ya yi kyau, matuƙar an soya waken suya, an sa garin kifi na gaske, an zuba sinadaran bitamin, an busar da shi sarai. Ɗanyen waken suya yana da abin da ke hana hanjin kifi narkar da furotin, wuta ce ke karya shi. Amma wanda aka kawo mana ba a soya waken ba, don itace kuɗi ne. Garin kifin rabinsa ƙaya da yashi. Tunkuzar kuwa, da na buɗe buhu na tura hannu tsakiya, ɗumi na ji, na ciro dunƙule mai kore-kore yana warin funfuna. Funfunar gyaɗa da masara ita ke haifar da gubar aflatoksin, wadda hanta take fara kamawa, kuma niƙa ko shanya ba sa kashe ta. Na ce a mayar. Aka ce an riga an biya.

Abincin kamfani mai tasowa yana da wata fa'ida da ba a rubuta ta a jikin buhu: kana ganin kifinka yana ci. In ya ja baya ka tsaya, ka kuma san wani abu na damun sa. Mai nutsewa kuwa kana zubawa ne cikin duhu. Abin da ba a ci ba ya kwanta a ƙasa ya ruɓe, ya ƙara cinye 'yar iskar da ta rage. Sai hanjin kaji, wanda ake kwasowa ɗanye daga wajen masu fige kaji a kasuwa, a baro, cikin wannan zafi, wani lokaci ya kwana. Tarwaɗa na son sa, tana rububinsa, manaja ya tsaya yana murmushi yana cewa ka ga yadda suke ci. Sikeli ma yana goyon bayansa, don kifin na nauyi. Sai dai nauyin kitse ne, kuma kitsen kifi irin kitsen da ya ci yake ɗauka, da launinsa da warinsa. A wannan zangon ne kuma na fara ganin kifaye da tsagewa a ƙoƙon kai, ciwon da masu kiwo suka sani yana tafiya da ƙarancin bitamin C, wanda babu ko ɗigonsa a haɗin da ake ba su.

Ranar kamu, ana saura 'yan kwanaki Sallah, wata Hajiya mai banda ta zo da motarta. Ta daɗe tana ɗaukar kifinmu, ba ta ma tsayawa dubawa. Wannan karon tana ganin an juye koma ta ce wa yaronta ya kawo wuƙa. Ya kama guda babba, ya tsaga cikin. Kitse ne rawaya ya cika shi dam, ya naɗe hanji har ba ka ganin sa. Hantar da ya kamata ta yi ja mai duhu ta yi fari-fari, ta taɓa ta da ɗan yatsa ta dagargaje. Ta danna tsokar baya, gurbin yatsan ya zauna bai taso ba. Sannan ta yanki ɗan nama ta kai hanci, ta daɗe ba ta ce komai ba. Ta juyo ta dube ni, ni ɗin da ta sani, ta ce, "Ɗana, wannan ba kifinku ba ne. Me kuka ba shi?" Manaja yana tsaye a gefena. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ta bayyana mana lissafinta a tsaye. Kilo uku zuwa huɗu na ɗanyen kifi ke ba ta kilo ɗaya na busasshe. Irin wannan kuwa in ta ɗora shi a waya, kitsen zai narke ya ɗiga cikin wuta, wutar ta tashi ta baƙanta shi, nauyin da ta biya kuɗinsa ya tafi a hayaƙi. Wanda ya saura a jiki kuma ba zai yi mako uku a kwali ba zai fara ɗaci, masu saye su dawo mata da shi. Ta ce, "Araha ba ta ado," ta shiga mota ba ta ɗauki ko kilo ɗaya ba.

Warin da ta ji na laka ne, kuma a nan ruwa da abinci suka haɗu suka gama da mu. Wasu nau'o'in gansakuka masu shuɗi-kore da wasu ƙwayoyin halitta da ke yaɗuwa a tsohon ruwa mai datti suna fitar da wani sinadari da ake kira jiyosmin. Shi ne ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan fari ya sauka a busasshiyar ƙasa. A sarari ƙamshi ne, a cikin nama kuwa ɗanɗanon taɓo ne, kuma hancin ɗan Adam yana kama shi ko da ɗan ƙanƙani ne ƙwarai. Yana shiga jikin kifi ta gurbin numfashi cikin awoyi, ya je ya zauna a cikin kitse. Yawan kitsen kifi, yawan abin da zai riƙe, da kuma daɗewar da zai yi kafin ya fita. Mu kuwa mun ba shi ruwan da ke haifar da warin, mun kuma ba shi kitsen da zai adana shi. Yaji da citta ba sa ɓoye shi, hayaƙi ma ba ya ɓoye shi.

Ko a ranar akwai sauran dabara. Na ce a kwashe kifin a zuba a ruwa mai tsabta mai gudana, a hana shi abinci mako guda ko fiye, warin zai ragu sosai, ko da kitsen da hantar ba za su gyaru ba. Zai ɗan rage nauyi, za a ƙona mai, za a kuma rasa kasuwar Sallah. Ya ce ba zai yiwu ba. Aka kira masu farfesu da masu gashi aka sayar musu a karye. Bayan Sallah wasunsu suka riƙa bugo waya suna faɗa, kuma lambata suke da ita, ba tasa ba.

Zaman da aka yi a falon mai gona shi ne abin da har yau bai bar ni ba. Manaja ya riga ni zuwa. Ya ce yara ba sa wanke kwami, ya ce ana zargin abinci na fita ta bayan katanga, ya ce ni ne mai takardar karatun kifi, in kifi ya lalace wa za a tambaya? Na ajiye littafina a kan tebur na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na auna kullum, ga ranakun da na roƙi a ba ni mai, ga ranar da na ce a mayar da tunkuza." Alhaji bai buɗe shi ba. Ya ce, "Malam, ni kifi na ba ka amana, ba littafi ba." Na san ba zai kunyata ɗan'uwansa a gaban bare ba, wannan na fahimta. Abin da ban fahimta ba shi ne a zaftare mini albashin watan ƙarshe, a kuma sallami yaran da ke ba da abinci da sunan sata, yaran da suke ɗibar ruɓaɓɓen hanji da hannunsu suna azumi. Ɗaya daga cikinsu da kuɗin nan yake biya wa ƙannensa makaranta. Babu wanda ya ɗauki ƙwayar abinci a gonar nan, ni shaida ne, kuma ina faɗar haka a duk inda aka tambaye ni.

Da za a bi lissafin da shi manajan ke alfahari da shi, ya faɗi. Da abinci mai kyau da ruwa mai kyau, kilo ɗaya da 'yan kai na abinci yana ba ka kilo ɗaya na kifi. A wancan zangon abin da muka zuba ya ninka haka, kifin ya ƙara makonni kafin ya kai girman kasuwa, aka sayar a karye, aka kuma rasa mai sayen da ta fi kowa biya a kan lokaci. Man da aka yi tattali bai kai ko kusa da wannan ba. In matsi ya zo, hanyar da na sani ita ce a rage yawan kifin da ake zubawa, a rufe wasu kwamaye, a riƙe sauran da kyau. Na faɗa tun farko, aka ce ina so in rage wa kaina aiki.

Sauran abubuwan da na koya a can ba su da tsawo. A hunturu ruwa na sanyi, kifi na rage ci, kai ma ka rage, ka kuma jira rana ta ɗaga kafin ka zuba. Kada ka ba da abinci a ruwan da kake shakka, canza shi tukuna. Ka hana abinci kwana guda kafin kamu, kuma ka kama da sassafe ba tare da wahalar da kifin ba, don wanda ya sha fafutuka a koma namansa ya fi saurin sakin jiki. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango a sito. Ka riƙa yanka kifi ɗaya duk wata ka duba hanta da kitse, ka dafa shi da ruwa da gishiri kawai ka ci, kafin mai saye ya riga ka.

Yanzu ina wata ƙaramar gona a hanyar Zariya, kwamayenta ba su kai rabin na waccan ba. Kafin in karɓi aikin na gaya wa mai ita sharaɗina: makullin janareta da na sito a hannuna za su zauna, kuma duk ranar Juma'a zai zauna ya karanta littafin awo ya sa hannu. Ya yarda. Biyu daga cikin yaran da aka kora suna tare da ni, kuma kamun da muka yi na farko Hajiya mai banda ce ta kwashe shi gaba ɗaya.